Gidan Rawana Ba Fitila

Malam Na-Kurmi:
Ga baitoci kan Rawana, dodon labaran Hindu, yadda na same shi a Guru Granth Sahib, littafi mai shafi 1430 na addinin Sikh, wanda Guru Nanak ya kafa a yankin Punjab. Mai karɓa ya riƙe "wa".

A 1604, can Amritsar,
Guru Arjan, jagoran Sikh na biyar, ya zauna tarawa.

Waƙoƙin Nanak har da na Kabir,
Masaƙin Banaras mai hangowa.

Ciki na iske sarkin Lanka,
Mai kai goma, abin firgitarwa.

Kabir ya ce Lanka ce ganuwarsa,
Teku ne gwalalon kewayewa.

To yau wa ke da labarin gidansa?
Ku amsa min, ina saurarawa.

'Yar Dala:
Malam, ai sanadin a fili yake,
Matar Rama ya je ɗaukewa.

Ya sato Sita ya kai tsibiri,
Rama da birai suka yo ƙetarawa.

Har yau a bikin Dussehra a Indiya,
Ana ƙona siffarsa, yara na shewa.

Baba Mai Gemu:
'Yata, wannan kowa ya sani,
Nanak ya wuce nan wajen tonawa.

Daga shafi na 224 ya jero su,
Bali da Harnakash, manyan sarakuna masu mulkawa.

Ya sa Rawana a tsakaninsu,
Wawa, gafili, ba tunawa.

An washe Lanka, an sare kansa,
Girman kai ne ya kai shi kushewa.

Haumai suke ce wa wannan cuta,
"Ni ne, ni ne," ba dainawa.

Satar Sita reshe ce kurum,
Saiwar na ƙasa tun da daɗewa.

Auta:
Baba, abu ɗaya ya ɗaure min kai,
A yi min afuwar tambayawa.

Sikh sun ce Ubangiji ɗaya ne,
Ba sa kai wa gunki gaisuwa.

Me ya kawo dodo a littafinsu?

Malam Na-Kurmi:
Ƙanena, baitinka ya rage ɗango, bari in cika maka:

Misali ne na faɗakarwa.

Mutanen Punjab sun san shi tun goyo,
Suna kawai ya isa ganewa.

Kamar mai wa'azi a nan wajenmu,
Da Fir'auna yake jan kunnuwa.

'Yar Dala:
Baba, na karɓi gyaranka. Na je shafi na 481 na ga sauran maganar Kabir, jikina ya yi sanyi.

Rana da wata ke masa girki,
Wuta ke wa tufafinsa wankewa.

'Ya'yansa maza dubu ɗari cif,
Jikoki dubu 125, ba ƙirguwa.

Ni nan ne hawaye ya zo mini,
Ba yaƙin ba, ba ƙonewa.

Gidan da yara suka cika fal,
Tsakar gida ba wurin takawa,

Magariba ta yi, duhu ya rufe shi,
Ba fitila, ba lagwanin kunnawa.