Allah ne ya ɓuya, ko mu ne muka rufe ido?

Dattijo Bitrus: Na ji an yi gunaguni kan maganar da na yi a nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba. Ina nan kan bakana. Babu wanda ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya rasa shi. Romawa 1:20 ta ce ikonsa a fili yake cikin halitta, har mutum ba shi da hujja. Duk wanda ya ce bai gani ba, ƙin gani ya yi.

Ishaku: Baba, a yi mini aikin gafara, ni ne mai gunagunin. Annabi Ishaya, a 45:15, ya kira shi Allah mai ɓoye kansa. Ayuba ya duba gaba ya duba baya bai same shi ba, alhali Allah da kansa ya shaide shi cewa babu kamarsa a duniya. Shi ma taurin kai ne?

Dattijo Bitrus: Ayuba bai taɓa cewa babu Allah ba, ɗana. Kuka yake yi wa wanda ya san yana nan.

Ishaku: Na yarda. To ga wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A 1993 wani masanin falsafa ɗan Kanada, Schellenberg, ya kafa hujja kamar haka: in Allah ƙauna ne, ba zai bar wanda bai ƙi shi ba cikin rashin saninsa. Ga kuwa irin waɗannan mutane a duniya. Saboda haka, in ji shi, babu wannan Allahn. Ban bi shi har can ba, amma ku duba gida. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kakan kakana Bamaguje ne, ya mutu bai taɓa jin sunan Yesu ba. Me ya ƙi?

Rahila: Yaya Ishaku, kana magana kamar gani shi ne magani. Isra'ilawa sun ga teku ya rabu, sun ga dutse yana hayaƙi, Musa ya yi kwana 40 kawai a bisa, suka narka 'yan kunne suka yi ɗan maraƙi. Yakubu 2:19 ma cewa ta yi aljanu sun gaskata, har suna rawar jiki. Tabbacin bai sa sun ƙaunace shi ba.

Ishaku: Amma Toma, almajirin Yesu, ya ce ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya taɓa shi, aka kuma ba shi dama. Shawulu, wanda ya zama Manzo Bulus, yana kan hanyar Dimashƙu zai kamo masu bin Yesu, haske ya kā da shi. Ba a ce an tauye musu 'yanci ba. Don me wani ya samu haske, wani shiru?

Rahila: Wannan kam ta sha kaina.

Fasto Yohanna: Ni ma ban da amsarta, kuma ina tsoron faston da ya ce yana da ita. Abin da zan ce, mu Kirista ba mu ce Allah ya ɓuya a bayan gajimare ba. A wurin da ba mai tsammani ya ɓuya: cikin komin dabbobi, a shagon kafinta a Nazarat, a kan gicciye tsakanin 'yan fashi biyu. Mutane sun ci abinci da shi ba su gane shi ba. Yesu kansa, a kan gicciye a sa'a ta tara, wato wajen ƙarfe uku na rana, farkon Zabura 22 ya ɗauko, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Baba Dattijo, in Ɗan ya yi wannan tambayar, da wuya mu ce duk mai yin ta mai laifi ne. Kakan kakan Ishaku kuwa, Mai shari'ar dukan duniya ba zai zalunce shi ba, iyakar abin da zan iya tsayawa a kai ke nan.

Dattijo Bitrus: Fasto, in muka buɗe wannan ƙofar, yaranmu za su ce shakka ma ibada ce.

Mama Saratu: Tun ɗazu ina karantawa, hannuna ba ya sauri. Lokacin da baban yara yake jinya, babban ɗana ya yi azumi kwana 3, ko ruwa bai sha ba. Ina jin sa da dare yana cewa, "Ka nuna mini kana nan." Muka binne babansa. Shekara 2 ke nan bai taka majami'a ba. Baba Bitrus, ranar Laraba ina zaune a layi na biyu. Yaron nan ya nema, ni shaida ce.

Dattijo Bitrus: Saratu, ban yi da shi ba.

Mama Saratu: Na sani. Amma da shi ɗin ta sauka. Ni ma ban ji komai ba a kwanakin nan, ina dai zuwa zumunta ne domin ƙafata ta saba da hanyar. Fasto, in wannan ma bangaskiya ce, to ina da ita.

Fasto Yohanna: Ita ce, Mama. Zabura 88 da duhu ta ƙare, ba a kuma cire ta daga Littafin ba.

Dattijo Bitrus: Ban janye Romawa ba. Amma yaron yana nan a gari? Zan je in gaishe shi.

Mama Saratu: Yana nan. Ku zo ranar Asabar da yamma. Don Allah kada a zo masa da aya.