Gola ya zama koci: waɗanda suka gani da idonsu su faɗa mana

Tsohon Gola:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ina tsaron raga, har gwiwata ta dama ta gaza. Yanzu ƙungiyar da na yi wa wasa ta nemi in karɓi horar da tawagar gaba ɗaya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da wani cikin shugabanni ya yi a gabana, wai wanda ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin turaku biyu me ya sani game da tsakiyar fili. Ban tanka ba, amma daren nan ban runtsa ba. Duk wanda ya taɓa taka leda a ƙarƙashin kocin da ya fito daga raga, ko shi kansa ya bi hanyar, don Allah ya faɗa min abin da ya gani, da daɗi da ba daɗi.

Lamba Biyar:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kaka uku na yi a hannun irin wannan koci, ina ɗan baya. Ranar atisayensa na farko bai bari mun taɓa ƙwallo ba. Ya kwashe mu 'yan baya huɗu ya tsayar a bayan raga, ya sa yaran ƙaramar ƙungiya suka yi wasa, ya ce mu zuba ido kawai. Daga can ne na fara ganin ɓarakar da ke buɗewa tsakanina da ɗan bayan gefe duk lokacin da ya haura gaba. Shekaru ina barin wannan ƙofa a buɗe ban sani ba, shi kuwa gola kullum ita yake kallo gabansa na faɗuwa.

Abin da ya fi zama min a zuciya ba dabara ba ne. Akwai ranar da ƙwallo mai sanyi ta sulale ta ƙarƙashin cikin golanmu, saura minti biyu a tashi, muka sha kashi. Yaron ya zauna a ɗakin sauya kaya bai ko cire safar hannu ba, kansa a ƙasa. Kowa na jiran faɗa. Koci ya zo ya durƙusa a gabansa, ya kwance masa maɗaurin safar da hannunsa, ya ce ranar Asabar shi ne a raga. Sannan ya juyo kanmu ya tambayi wa ya bar mai bugun ya juya. Ni ne. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ɗora wa gola laifi shi kaɗai.

Ɗan Gaba:
Ni kam nawa labarin da ɗaci. Kocinmu idan muka ci ɗaya, shi ke nan, sai ya ja kowa baya, ni kaɗai a gaba kamar maraya ina bin dogayen ƙwallaye. Atisayen bugun kusurwa da jera katanga ya fi na kai hari yawa nesa ba kusa ba. Na gama kakar da ƙwallo 4 kacal, na bar ƙungiyar raina a ɓace. Amma ba zan ci amanarsa ba: shi ya koya min in daina kallon hannun gola, in dubi ƙafarsa. Ya ce da zarar nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya, a buga ƙasa-ƙasa kusa da ita, ba ya iya faɗuwa da wuri. Har yau da wannan nake ci. Yaya, ka nemi mataimaki da ya taɓa buga gaba, kuma ka riƙa jin maganarsa.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, shugaban da ya ce maka gola bai san tsakiyar fili ba bai san Dino Zoff, tsohon golan Italiya, ba. Ya ɗaga kofin duniya na 1982 yana kyaftin ɗin Italiya yana da shekara 40, ya koma koci ya ci wa Juventus kofin UEFA da kofin Italiya a 1990. Wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta 2000, Zoff na kocin Italiya, da idona na kalle shi, ban tashi daga gaban talabijin ba. Delvecchio ya ci, Italiya na gaba har cikin mintunan ƙarin lokaci, sai Wiltord ya farke wa Faransa, Trezeguet ya ƙarasa. Daƙiƙu kaɗan suka raba Zoff da kofi. Berlusconi, ɗan siyasar Italiya, ya fito ya caccake shi, shi kuma ya ajiye aikin cikin kwanaki, bai tsaya cacar baki ba. Na ji zafin abin kamar ni aka yi wa.

Kuma ka tuna da wa ya kai wasan ƙarshen. Buffon, golan Italiya na farko, ya karye a hannu dab da gasar, Zoff ya miƙa wa Toldo raga, Toldo ya tare fenareti a wasan kusa da na ƙarshe da Holan, Italiya na wasa da mutum goma. Raymond Goethals ma da ya ci wa Marseille kofin Zakarun Turai a 1993, da Şenol Güneş da ya kai Turkiyya matsayi na uku a kofin duniya na 2002, duk daga raga suka fito.

Gola Na Biyu:
Baba ya yi gaskiya. Ni zan ƙara da abin da ba a cika faɗa ba. Rabin shekarun wasana a benci na yi su, kuma kujerata ce ta fi kusa da koci. Ina jin abin da yake raɗa wa mataimakinsa, ina ganin lokacin da ya yi niyyar canji sannan ya fasa. Makaranta ce da ba a biyan kuɗi. Shi ya sa nake bin Nuno Espírito Santo: a benci ya zauna bayan Vítor Baía lokacin da Porto ta ci kofin Zakarun Turai a 2004 a hannun Mourinho. Daga baya ya fito da Wolves zuwa Firimiya a 2018, ta ƙare ta bakwai sau biyu a jere da 'yan baya uku. A Tottenham kuwa watanni huɗu aka ba shi aka sallame shi a 2021, ƙorafin kuma irin na Ɗan Gaba ne, wai ba ya kai hari.

Anti Koci:
Ƙanena, ni na bi hanyar da za ka bi, shekara biyar ke nan ina horar da 'yan mata. Abin da ya fara rikita ni shi ne wurin tsayuwa. A raga, fili a shimfiɗe yake gabanki, kina ganin faɗinsa da duk wata kafa. A gefen layi kuwa sai na ga komai ya karkace, tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya nake gani, faɗin ya ɓace min. Wata biyu ina yanke hukunci a makare. Sai na fara hawa saman 'yan kallo a wasannin sada zumunta, ina kallon bidiyo da dare, har idona ya saba.

Na biyu, murya. Gola ya saba ihu minti casa'in, "fita, tare, bar min". Na kawo wannan ɗabi'a gefen fili, har wata yarinya ta same ni bayan wasa tana hawaye ta ce ba ta iya tunani idan ina kiran sunanta a kowace taɓawa. Yanzu na zaɓi mutum ɗaya a baya, ita ke magana, ni sai hutun rabin lokaci.

Tsohon Gola:
Allah ya saka da alheri. Na kira wani tsohon ɗan gabanmu ɗazu, ya amince zai zama mataimakina. Anti, wasannin sada zumunta biyu muke da su kafin a buɗe kaka, zan kalli na farko daga sama kamar yadda kika yi. Sai dai golan da zan ajiye a benci abokina ne, tare muka yi ɗaki shekara huɗu. Wanda ya taɓa faɗa wa abokinsa irin wannan magana, ta ina ya fara?