Wace sinima ce ta fi dacewa da kallon Avatar na biyu a Abuja?

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum. Ina so in kai ƙannena biyu kallon Avatar: The Way of Water, wanda ya biyo bayan na 2009, amma na rasa zaɓi tsakanin Silverbird ta Jabi Lake Mall da Genesis ta Ceddi Plaza. Wacce za ku ba ni shawara?

Malamin Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Tunda daga Kubwa za ku taso, Jabi ta fi muku kusa. Sai dai ka tuna fim ɗin ya kai awa 3 da minti 12, saboda haka ka zaɓi wanda za a fara bayan La'asar kaɗan ko bayan Isha'i, don kada salla ta kuɓuce muku.

Yayar Garki: Ƙanena, bayan La'asar ba zai yiwu ba, Magariba za ta riske ku a ciki. Ku shiga na safe. Ka kuma tambaya ko na 3D ne kafin ka sayi tikiti, domin yawancin labarin a cikin teku yake, kuma kujerun tsakiya sun fi na gaba daɗin kallo.

Ɗan Kubwa: Na gode, Yaya. Na safen za mu shiga ranar Asabar.