Ya sake ta, mota ta kashe shi: tana da rabo a diyya?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum. Masana shari'a, a taimaka. Mutum ne ya yi wa matarsa saki ɗaya, bayan kwana arba'in tankar mai ta take shi a hanyar Kano zuwa Zariya, ya rasu. Ya bar ɗa da 'ya a hannunta, da mahaifiyarsa, da uwargida wadda ba ta haihu ba. Masu motar sun nemi sulhu a kan naira miliyan 7.2. Ƙannensa sun ce sakakkiyar ba ta da ko sisi. Haka ne? Akwai kuma wata da ya kai wa kuɗin gaisuwa, ita ma danginta sun fara magana.

Malam_Na_Zaure:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a yi maganar kuɗi a tambaye ta abu ɗaya: ranar da ya rasu ta gama idda? Duk hukuncin a nan yake.

Saki ɗaya ko biyu na kome ne. Muddin tana cikin idda, matarsa ce, tana gadonsa, kuma iddar ta koma takaba, wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwar. A mazhabar Malikiyya iddar mai haila tsarki uku ne, mai ciki kuwa sai ta haihu. Kwana arba'in bai cika isa ba ga yawancin mata, amma ba a yanke hukunci da kalanda kaɗai, maganarta ake karɓa idan abin da ta faɗa mai yiwuwa ne. Idan kuwa wannan shi ne saki na uku, ko hul'i ta yi ta mayar da sadaki, ko iddar ta cika, to ba ta da gado.

Diyyar kisan kuskure kamar sauran dukiyar mamaci ake raba ta. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, sai Dahhak bin Sufyan ya shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam Ad-Dibabi rabonta, sai ya janye.

To a yi lissafi da 7,200,000, idan babu bashi ko wasiyya, kuma mahaifinsa ba ya raye. Tumuni, wato 900,000, na matan biyu ne, kowace 450,000. Mahaifiya sudusi, 1,200,000. Saura 5,100,000: ɗa 3,400,000, 'ya 1,700,000. Ƙannen da ke ɗaga murya su ne ba su da ko sisi, ɗa namiji ya katange su. Idan iddar ta cika, uwargida ta ɗauki tumunin duka, rabon yara bai motsa ba.

Wadda aka kai wa kuɗin gaisuwa babu nata, ko da an kai lefe an sa rana. Ɗaurin aure ne ke kawo gado.

Lauya_A.B:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in ɗora ta ɓangaren babbar kotu, idan sulhun ya wargaje.

Dokar da ake shigar da irin wannan ƙara a ƙarƙashinta ita ce ta haɗarin da ya jawo rasa rai, ta tsohuwar Jihar Arewa, ta 1956, wadda jihohinmu suka gada. Ta ambaci miji, mata, iyaye da 'ya'ya, sannan ga mamaci Musulmi ta mayar da zancen ga waɗanda Musulunci ya ba rabo a diyyar kisan kuskure. Wato bayanin Malam shi ne zai yi aiki har a gaban alƙalin babbar kotu. Tsohuwar mata da igiyarta ta tsinke, da budurwa, da dadiro, duk ba sa ciki.

Amma akwai ƙofar da mutane ke mantawa. Ko ba ta da komai a karan kanta, yaran ba su balaga ba, ba za su iya tsayawa a kotu ba, dole babba ya tsaya da sunansu, kuma uwarsu na iya zama wannan babban. Kuɗin dai nasu ne.

Inda ake yawan faɗawa rami: ƙara ɗaya tak ake shigarwa a madadin kowa, don haka idan ƙanin mamaci ya riga ya je kotu, a tabbatar sunayen yaran da shekarunsu suna cikin takardun. Wa'adi shekara uku ne daga ranar rasuwa, amma idan motar ta hukuma ce, dokar kare jami'an gwamnati na iya rage shi zuwa wata uku. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar "an biya an gama" sai an rubuta rabon kowane magaji. A tanadi rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗarin, takardar shaidar mutuwa, takardar saki mai kwanan wata, da lambar inshorar tankar. Iyakar miliyan 3 da ake ji a inshorar ƙananan motoci ta ɓarnar dukiya ce, ba ta rai ba, kada a ruɗe ku da ita.

Idan tana binsa ragowar sadaki ko kuɗin ciyar da yara da kotu ta yanka, wannan bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo, da idda ko babu.

Sani_Manchester:
A Ingila abin ya sha bamban, don masu 'yan uwa a nan. Dokarsu ta 1976 ta sa tsohuwar mata da tsohon miji cikin masu iya nema, amma sai sun nuna abin da suka rasa, misali kuɗin da yake turo mata duk wata. Kuɗin jimami, wato na baƙin cikin rashin, fam 15,120, ba a ba ta. Masu zama tare ba aure kuwa sai sun cika shekara biyu a gida ɗaya har zuwa ranar mutuwar. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta kori ƙarar wata mata da ta zauna da mamacin wata shida kacal, ɗan da ta haifa masa bayan rasuwarsa shi aka biya.

Malam_Na_Zaure:
Gyara ɗaya, Barista. Tsayawa a kotu daban, riƙe dukiyar maraya daban. A Malikiyya uwa tana da haƙƙin reno, amma dukiyar tana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai wanda alƙali ya naɗa, kuma yana iya naɗa ita uwar. Baffa ba ya zama mai riƙo don kawai shi baffa ne. Hajiya, su je kotun shari'ar Musulunci a yi rabon a rubuce, a buɗe wa kowane yaro asusun banki da sunansa, a zuba 3,400,000 da 1,700,000 ɗin kai tsaye daga hannun masu motar.