Madubin hangen taurari na hannu mai inci 10: in saya ko in haƙura?

Malamin Firamare, Katsina:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina. Ina da ɗan ƙaramin madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 70, irin mai gilashi a gaba, da shi nake kallon sama daga saman benen gidanmu. Ramukan wata suna fitowa tas, na ga watannin duniyar Mushtari (Jupiter) huɗu a jere, har zoben duniyar Zuhal (Saturn) na hango, amma ƙarami ne ƙwarai, sai na ƙure ido.

To, yanzu wani bawan Allah a Abuja zai bar ƙasar, ya sa nasa a kasuwa. Ƙirar kamfanin Sky-Watcher ne mai inci 10, irin na Dobson da ke zaune kan akwatin katako, da gilasan ido biyu, mai milimita 25 da mai 10. Kuɗin da ya yanka bai kai na sabo ba ko kusa, balle a haɗa da kuɗin shigo da shi. Abin da ya ɗaure mini kai: a hoton da ya turo, madubin ciki duk ƙura. Kuma ban taɓa riƙe irin mai madubi a ciki maimakon gilashi a gaba ba. Ya fi ƙarfin ɗan koyo irina? Me zan duba?

Tsohon Injiniya, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, bai fi ƙarfinka ba. John Dobson da ya yaɗa wannan ƙirar a San Faransisko ta Amurka, don mutanen gari ya yi ta, a bakin titi yake kafawa kowa ya leƙa. Ba batir, ba waya, da hannu kake tura shi sama da gefe. Bambancin da za ka gani kuwa ba kaɗan ba ne. Inci 10 milimita 254 ke nan, hasken da yake tarawa ya ninka na naka kusan sau 13. Tsawon haskensa milimita 1200, shi ake rabawa da lambar gilashin ido, saboda haka gilashin 25 zai ba ka girma sau 48, na 10 kuma sau 120.

Amma kada ka tura ko sisi sai ka je ka gani da idonka. Ƙurar nan kada ta tsorata ka. Duk madubin da aka haska wa tocila ta gaba sai ya yi kama da wanda ya lalace, alhali da dare yana aiki lafiya lau. Abin tsoro shi ne fentin alminiyom da ke fuskarsa. Ka roƙi mai shi ku juya bututun, ka sa tocilar ta bayan madubin, ka leƙa ta baki. In ka ga ɗigo-ɗigon haske ƙalilan suna ratsowa, ba komai. In kuwa wuri guda ya yi shara-shara, ko gefe ya yi fari-fari yana ɓarewa, ka bar masa kayansa, domin sake fentin sai an tura madubin waje, kuɗin ya cinye rangwamen da ka samu. Ka duba tsagewa, ka duba ƙarce irin na wanda aka goge da tsumma.

Daga nan ka murɗa abin daidaita gani, ya shiga ya fita ba tare da cijewa ko rawa ba. Ka duba ƙaramin madubin da ke rataye kusa da baki, da sandunan ƙarfe huɗu da ke riƙe da shi, kada a ce ɗaya ya lanƙwashe. Sannan akwatin. Katakonsa garin katako ne da aka matse, in ya sha ruwan damina sai ya kumbura ta gindi, sukurori su daina kamawa. Wannan dai kafinta zai iya ƙera maka wani da filawud, ka rage wa mai shi kuɗi kawai.

In da hali ka kwana, ku gwada da dare. Ka saita tauraro mai haske da gilashin 10, ka ɗan murɗa abin daidaita gani ya kauce daga daidai: ya kamata ka ga zobba zagayayyu, baƙin ɗigo a tsakiya. In ɗigon ya karkata gefe, saitin madubai ne ya goce, ana gyara shi da sukurori uku na baya. Wannan saitin dole ka koye shi, don mai inci 10 ba ya yafe sakaci kamar mai inci 8.

'Yar Kimiyya, Kano:

Baba Injiniya ya gama magana kan dubawa, Allah ya ƙara girma. Ni wuri ɗaya na tsaya a maganarka, Malam: saman bene. Ka san nauyin abin nan? Bututun da akwatin sun kai kusan kilo 25, bututun ya haura mita ɗaya, ga kauri, ba ya runguma da daɗi. Sawu biyu za ka yi a matakala cikin duhu, ka kuma sauko da shi bayan ka gaji. Nawa mai inci 8 ne, a tsakar gida nake jawo shi, duk da haka akwai daren da nake duban sa in ce sai gobe. Ƙaraminka da hannu ɗaya kake ɗauka, shi ya sa kake yawan kallo. Idan ka je Abuja, ka ɗaga bututun da kanka ka zaga da shi, ka hau matakala in akwai, kafin a yi ciniki.

Kuma ka rage buri. Hotuna masu launi irin na Hubble, madubin nan da ke sararin samaniya, ba za ka gan su da ido ba. Gajimaren nan da ke cikin rukunin taurarin Oriyon zai fito da fukafukansa, toka-toka, wani lokaci da ɗan kore. A Mushtari za ka ga ɗamarorinsa sosai, a Zuhal har tsagar Kasini da ke cikin zoben in iska ta kwanta. Da girma sau 120 abin da ka saita zai fice daga gani cikin minti ɗaya zuwa biyu saboda juyawar duniya, kana kallo kana turawa. Ɗaukar hoton taurari masu nisa kuwa ba aikinsa ba ne, sai dai wata da wayar hannu.

Lokacin hazo ka rufe baki da gindi duka biyun, ka lulluɓe shi. Kada tsumma ya taɓa madubin har abada.

Ɗan Maraɗi:

Malam, in fentin lafiya, ka saya. Mu da ke nan wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya muna da rabon da mutanen Ingila ba su da shi. Dunƙulen taurarin nan Omega Sentauri yana hawa kusan digiri 30 a kudu, da daren watan Afrilu da Mayu. A naka ƙarami hayaƙi-hayaƙi za ka gani, a inci 10 kuwa taurari ne ɗaiɗai birjik, ba sa ƙirguwa. Sai dai ka fita bayan gari inda ba fitilu, a daren da ba farin wata, ka bar madubin ya huce kamar rabin awa zuwa awa ɗaya.

Gargaɗi ɗaya. Da maƙwabta sun ga girmansa, za su taso ka neman jinjirin watan azumi. Kada ka juya shi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Leƙa rana ta cikinsa, ko na ƙiftawar ido, makanta ce. Yara ma kada a bar su da shi a buɗe da rana.

Malamin Firamare, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganar matakalar nan gaskiya ce, tamu ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Akwai ɗan ɗaki a ƙasa kusa da zaure, can zan ajiye shi in riƙa kallo daga tsakar gida, ƙaramin ya ci gaba da hawa bene. Na yi waya da mai shi, ya yarda in zo ranar Asabar mu gwada da dare.

Baba Injiniya, saura ɗauko shi. Ƙanina zai kai ni da motarsa. In kwantar da bututun a kujerar baya da bargo yadda yake, ko sai na kwance madubin na naɗe shi daban saboda ramukan hanya?