Kalmar "duk kanwar ja ce" ta kama bakina, har ɗalibaina sun fara maimaita ta

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wani koleji nan Damagaram, shekara 9 ina koyarwa, har yau a kwantiragi. Satin da ya wuce na tambayi 'yan ajin da za su rubuta birbe, wato jarrabawar gama koleji, abin da kowa yake son ya zama. Yarinyar da ta fi kowa lissafi ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ai kai ka ce a ƙasar nan ko an yi karatu ko ba a yi ba duk kanwar ja ce." Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Ban tuna ranar da na faɗa musu ba, amma na san kullum dare ina faɗa a fadarmu.

Na bi layin zaɓe a 2011 da 2016 da 2021. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, fadarmu ta rabu biyu: masu cewa zancen ƙasa ne, da masu kukan dimokuraɗiyya. Ni na zauna tsakiya ina yi wa kowa dariya. Aka sa takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, na ce ga irinta nan. Aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, na ce me ya canza? Yanzu ko labari mai daɗi na ji, sai na nemi inda ƙaryar take. Barci ma sai na gama sauraron sautukan WhatsApp, kowane da sabon tashin hankali.

Ba na son in zama sakaran da ake ruɗa da jawabi, kuma ba na son in kashe wa yaran nan zuciya. Yaya ake yi?

Tsohon ma'aikaci, Birni: Ɗana, zauna ka ji. Ina saurayi Kunce ya kifar da Diori a 1974. Na ga taron ƙasa na 1991. Ranar da Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993 garin nan bai yi barci ba, mun ɗauka wahala ta ƙare tunda ɗan gida ya hau. Ba a rufa shekara ba aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashinmu ya koma kamar kuɗin goro, a 1996 kuma Ba'are ya sauke shi. Aka kashe Ba'are a 1999, aka yi tazarce a 2009, aka ɗauke Tandja a 2010. Duk a idona.

Ni ma na yi irin cutarka bayan 1996, kusan shekara 3 ba mai iya faɗa mini alheri. Abin da na gano daga baya shi ne tun farko na ɗora fatana a kan mutum ɗaya, da ya faɗi sai fatan ya bi shi. Amma dubi: lokacin da nake shekarunka, yaron da ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, a nan sai ya ɗauki jaka zuwa Yamai, kusan kilomita 900. Yau ga Jami'ar André Salifou cikin gari, jikata tana can, kuma a gida take kwana. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, da can wa ya taɓa mafarkin fetur ɗinmu? Ban ce an yi mana adalci a rabon ba, kar ka sa mini magana a baki. Na dai ce wanda ya ce ba abin da ya canza bai yi lissafi daidai ba, kai kuwa malamin lakwal ne.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari: Baba, da girmanka, jami'ar ce ta ba ni lisansi, wato digiri, ga ni bisa babur. Matatar mai tana bayan gari, mu kuma muna sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa duk bazara. Mushe, yarinyar gaskiya ta faɗa, ka bar ta. Gara ta sani tun yanzu.

Tsohon ma'aikaci, Birni: Ban musa maka ba, yaro. Zancen ruwa kam ya girme ka, ya kusa girme ni. Amma da ka tashi yau ka duba mai da taya ka fita, ai kana sa ran dawowa da na cefane ne.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Dole: Mushe ƙanena, ni ban yi lakwal mai zurfi ba, 'yata ce ke rubuta mini. Lokacin da aka rufe iyaka kayana na Kano suka tsaya, na yi wata biyu ina buɗe shago ina kallon hanya. Mu 12 ne a adashinmu. Muka zauna muka rage zubi, muka ce wadda ta fi shiga matsi ita za ta fara kwasa, ko ba layinta ba ne. Ba wadda ta fita. A cikinmu akwai mai son sojoji kamar ta mutu, akwai wadda ko sunansu ba ta son ji, amma ranar Juma'a kowa na kawo nata. Ku maza kuna da lokacin gardama ne shi ya sa. Ka rage zaman fadar nan, shayi uku da zancen Yamai ba ya ƙara wa tiyar hatsi ko ƙwaya. Kuma wayar nan ka bar ta a falo in za ka kwanta.

Malamin allo, Garin Malam: Allah ya saka wa Hajiya. Malam, ka bambance abu biyu. Ƙin yarda da alkawarin mai mulki har sai ka gani a ƙasa, wannan hankali ne, ka riƙe shi. Yanke ƙauna kuwa Annabi Yakubu ya hana 'ya'yansa shi a Suratu Yusuf, bayan shekaru yana jiran ɗan da kowa ya ce ya tafi ke nan, kuma bai ce su zauna ba, cewa ya yi su je su nema. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150. Mun yi kuka, amma ba wanda ya fasa sallar wannan rana.

Ɗaliba a jami'a: Mushe, ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne wadda ta fi kowa lissafi ce ta ɗauki maganar. Irinmu mata, kalma ɗaya ake jira a gida a ce to ta zauna a yi mata aure. Kar ka yi mata wa'azin ƙasa za ta gyaru, ba za ta yarda ba, ni ma ban san ko za ta gyaru ba. Ka ce mata ka yi kuskure, a gaban ajin da aka yi dariyar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ɗan'uwana na kabu-kabu, maganarka ce ta fi tsaya mini a rai, don ba ni da amsarta. Yau dai na shiga ajin na ce musu maganar da na yi ta gajiya ce, ban auna ta ba. Yarinyar ta tambaye ni ko yanzu na yarda abubuwa za su yi kyau, na ce ban sani ba, amma na san tana iya cin birbe da maki mai kyau. Mun shirya ƙarin darasi ranar Asabar da safe, kyauta, mutum 14 sun rubuta suna. Allon ajin da aka ba mu ya fashe, in akwai mai fentin allo ko ragowar alli ya yi mini magana ta ciki.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari: Lisansina na kimiyya ne. In Asabar ce da safe ina iya ba ku awa ɗaya kafin kasuwa ta cika, amma kar a sa ni cikin zancen fata. Ƙarfe nawa?