Tambaya kan ziyarar kogon Pak Ou a ƙasar Lawos

Baƙon Asiya: Assalamu alaikum. Ina da kwana uku a birnin Luang Prabang cikin watan Disamba, kuma ina son ganin kogon nan na mabiya addinin Buddha. Ta ruwa ya fi ko ta mota? Me zan riƙa?

Malam Jagora: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bi ta ruwa. Nisan kusan kilomita 25 ne, a daidai inda kogin Nam Ou ya shiga Mekong. Kwale-kwale mai inji na tashi da wajen ƙarfe 8:30 na safe. Zuwa awa 2 ne don ana haura ruwa, dawowa kuma awa ɗaya da 'yan mintuna. Ta mota za a sauke ka a ƙauyen da ke ɗaya gaɓar, dole dai sai an yi maka fito. Safiyar Disamba a kan kogi akwai sanyi, ka tafi da rigar sanyi. Yawanci ana tsayawa a ƙauyen Ban Xang Hai inda ake dafa giyar shinkafa; in ba ruwanka da ita, akwai masu saƙa a gefe.

Hajiya Mai Taswira: Ƙari kan bayanin Malam, kogunan biyu ne. Na ƙasa, Tham Ting, yana kallon ruwa kuma haske na shigarsa. Na sama, Tham Theung, sai an hau matakala masu tsayi, cikinsa kuwa duhu ne ƙirin. Ka riƙe tocila ta gaske, ta waya ba ta kai wa lungu. Dutsen irin wanda ake yin siminti da shi ne, ruwan sama na ratsa shi yana ɗiga, shi ya sa wasu wurare ke da santsi ko da rani. Silifas ba zai yi ba.

Malam Jagora: Gaskiya ne, Hajiya. Sannan wurin ibadar mutane ne. Mutum-mutumin Buddha da ke ciki sun kai dubbai, akasari na katako, masu ziyara ne suka yi ta ajiyewa shekaru aru-aru. Gara da damshi sun ci da yawansu, taɓawa kaɗan sai hannu ko kai ya ɓalle. Kada ka ɗaga ko ɗaya. Tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa, in ka zauna kada ka miƙe ƙafa wajensu, mace kuma ba ta taɓa limamansu.

Hajiya Mai Taswira: Ka canji kuɗinsu, kip, tun a gari, domin kuɗin shiga a hannu ake biya. Da an sauke ku ka fara da kogon sama kafin jama'a su cika matakalar.